Jaririn da Ciwonsa Ya Fi Ƙarfin Magani: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye a Zariya

Wannan shafi na iyayen da jaririnsu ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman ne, waɗanda likita ya fara yi wa maganar cewa ciwon ya yi nisa. Na kakanni ne kuma, da gwaggwanni da ƙannen uwa masu kwana a barandar asibiti da flas da tabarma. Tambayoyin irin waɗanda ake yi ne a bakin ɗakin jarirai a asibitin koyarwa na Shika, da asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, da na Wusasa. Wasu ana yin su a fili, wasu kuma sai an koma gida suke hana mutum barci. Likitan da ke ganin jaririnku shi ya san halin da yake ciki, don haka ku ɗauki abin da ke nan ku je masa da shi.

Likita ya ce za a koma sauƙaƙa masa wahala. Me yake nufi?

Akwai maganin da ke neman kawar da cuta, akwai kuma kulawar da ke neman kawar da wahalar da cutar ta kawo. Ta biyun likita yake nufi. Aikinta shi ne kada jariri ya ji zafi, kada numfashi ya riƙa gallabarsa, kada sanyi ya kama shi, kada a yi ta sukarsa da allura a kan gwajin da ba zai canza komai ba, kuma ya samu jikin mahaifiyarsa. Ku ma iyaye kuna cikin waɗanda ake kula da su: a gaya muku gaskiya, a saurare ku, a ba ku wuri da lokaci.

Tun 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wannan kulawa ga yara ta haɗa jiki da hankali da ruhi, tare da tallafa wa iyali, kuma ana fara ta ne tun ranar da aka gano ciwon, ko ana kan maganin cutar ko an tsaya. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu. A Najeriya masu ciwon daji, manya, su aka fi sani da ita. Jarirai sun zo a baya, kuma wannan jinkiri bai kamata ba, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda.

Wato sun cire rai da shi ke nan, sun bar mu?

A'a. Idan har kun ga an daina leƙo gadonsa, to ba wannan kulawar ake yi ba, ku yi magana. Jaririn da ake sauƙaƙa wa wahala yana buƙatar nas a kusa: a duba fuskarsa, a juya shi, a share masa baki, a canza masa ƙunzugu, a ba shi maganin zafi a kan lokaci. Abin da ya canza shi ne tambayar da ake yi kafin a taɓa shi. Da ana cewa, wannan zai warkar da shi? Yanzu ana cewa, wannan zai amfane shi, ko wahala kawai zai ƙara masa?

Sau da yawa ma ana haɗa biyun. Bakwaini yana kwalba, ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da iskar oksijin, ana fatan ya tashi, a lokaci guda kuma ana rage masa zafi ana shirya iyayensa ga duk yadda Allah Ya yi. Wasu daga cikinsu suna tashi su koma gida.

Waɗanne jarirai ne ake yi wa wannan magana?

Galibi kashi huɗu ne. Akwai wanda aka haifa tun cikin bai yi ƙwari ba sosai, huhunsa bai isa ɗaukar iska ba. Duk wanda ya zo kafin mako 37 bakwaini ne, amma masu zuwa kafin mako 28 su ne ke cikin babban haɗari. Akwai wanda iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa lokacin doguwar naƙuda, ya fito bai yi kuka ba, daga baya ya kama jijjiga, bai iya tsotso, bai farka. Akwai wanda aka haifa da tawayar halitta da ba a rayuwa da ita, kamar wanda ƙoƙon kansa da ƙwaƙwalwarsa ba su haɗu ba, ko wanda ba shi da ƙoda ko ɗaya, ko mai ƙarin ƙwayar gado ta 13 ko ta 18, waɗanda mafi yawansu ba sa kai shekara. Sai kuma wanda cuta ta shiga jininsa har gaɓoɓinsa suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya duk da magani.

Ba duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ne ake fid da rai da shi ba. Jarirai da yawa da ba su yi kuka da wuri ba suna warwarewa sarai.

Likita ya san gaibu ne? Rai ai a hannun Allah yake.

Haka ne, kuma likitan kirki shi ma ya san haka. Ba ranar mutuwa yake faɗa muku ba. Yana faɗa muku abin da hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini da kwanakin da ya yi yana kallon yaron suka nuna, da abin da aka gani ga jarirai masu irin wannan hali. Wani ciwon babu shakka a kansa. Wani kuma akwai, kuma haƙƙinku ne ku san wanne ne naku.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku tambaye shi kai tsaye: Likita, mene ne sunan ciwon? Me kuka gani da ya sa kuka ce haka? In aka ci gaba da duk abin da ake yi, me kuke sa ran zai faru? In ya rayu, yaya rayuwarsa za ta kasance? Akwai babban likitan da ya duba shi? Ku nemi a yi muku bayani da Hausa, a zaune, ba a tsaye a kan hanya ba. In ba ku gane ba ku ce a sake. In kuna son wani likita ya duba, ku nema. Ba rashin kunya ba ne. Inda ake da shakka, ana iya yarda a gwada magani na wasu kwanaki da aka ƙayyade, sannan a sake zama a duba ko ya karɓa.

Jaririn kwana biyu ya san zafi ne?

Ya sani, ƙwarai kuwa. Tsofaffinmu kan ce jinjiri bai san ciwo ba, kuma ba su kaɗai suka yi wannan zato ba: har cikin shekarun 1980 akwai manyan asibitoci a Turai da Amurka da ke yi wa jarirai tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba. Binciken da likita Anand da abokan aikinsa suka buga a 1987 na daga cikin abin da ya rushe wannan tunani. Yau babu gardama cewa jariri, har bakwaini, yana jin zafi.

Matsalar ita ce wanda ya galabaita ba shi da ƙarfin kuka, mai roba a maƙogwaro kuma ko ya yi ba a ji. Sai a karanta jikinsa. Yana haɗe gira, yana runtse ido da ƙarfi, yana yamutsa fuska, yana ware yatsu ko dunƙule hannu, yana banƙarewa, bugun zuciyarsa yana hawa a kan na'ura. Ke uwa da ke zaune kusa da shi kin fi kowa saurin ganin wannan. In kin gani ki kira nas, kada ki ce kin dame ta.

Abin da ke rage zafin ba duka ne magani ba, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Ɗigon nonon uwa a kan harshe, ko ruwan sukari na asibiti, kamar minti biyu kafin a soka allura. Naɗe shi da zane mai laushi, hannuwansa kusa da fuskarsa. Rage haske da hayaniya. Haɗa ayyuka wuri guda don a bar shi ya yi barci. Sai kuma kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, zane a lulluɓe, dabarar da aka faro a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, aka gano tana ɗumama jariri tana daidaita masa numfashi. Idan waɗannan ba su isa ba akwai farasitamol, akwai mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, akwai kuma maganin tsayar da jijjiga.

Mun ji an ce mofin yana ƙarasa mara lafiya.

Wannan tsoro ya sa an bar mutane da yawa cikin azabar da ake da maganinta. Mofin da likita ya auna bisa nauyin jariri, ya fara da kaɗan, yana dubawa, yana rage zafi da ƙuncin numfashi ne. Ana yawan ba da shi ga wanda ciwonsa ya kai ƙarshe, shi ya sa in ajali ya zo sai a ɗora wa allurar laifin da na ciwon ne. Yana iya sa jariri barci fiye da da. Maganar kamu kuwa, irin ta masu shaye-shaye, ba ta taso ba a nan.

Idan muka yarda a cire na'urar numfashi, ba mu muka kashe shi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta.

Akwai bambanci tsakanin a yi wa mutum abin da zai kashe shi, da a daina yi masa abin da ya daina amfanarsa. Na farkon kisa ne, addini ya haramta, dokar ƙasa ta haramta, kuma ba ya cikin wannan kulawa ko kaɗan. Na biyun kuwa, cutar ce ke ɗaukar ran. Na'ura tana hura wa huhu iska don jiki ya samu lokacin warkewa. Idan ya tabbata babu warkewar, abin da ya rage na aikinta shi ne tsawaita gargara, da roba a maƙogwaro da zuƙe majina da allurai.

Malaman fiƙihu sun yi magana a kan wannan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta cire na'ura daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya kuma ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba. Yawancin jariran da muke magana a kansu ba su kai wannan matsayi ba, don haka fatawar da ta fi kusa da halinsu ita ce ta kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya, ta shekarar 1409 bayan Hijira, wadda ta ce idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka haɗu a kan cewa farfaɗo da mara lafiya ba zai amfane shi ba, babu buƙatar a yi. Tushen maganar shi ne neman magani yana wajaba inda ake kyautata zaton amfaninsa, ba inda aka yanke ƙauna da shi ba. A ɓangaren Kirista ma, Cocin Katolika ta daɗe da bambanta kulawar da ta zama dole da wadda nauyinta ya fi amfaninta.

Duk da haka, kada ku sa hannu zuciyarku tana rawa. Zariya ba ta rasa malamai ba. Ku kawo wanda kuka amince da iliminsa, ko fastonku, ya zauna da likitan ya ji bayanin da kunnensa, domin fatawa tana bin yadda aka kwatanta wa malami lamarin. In kuma kun ce a ci gaba, ku faɗa, a tattauna. Abin da ba a so shi ne a bar jariri cikin zafi yayin da manya ke jayayya.

Wa ke da ta cewa? Mun ga gara kada a gaya wa mai jego, kada hankalinta ya tashi.

A nan za mu saɓa da al'adar da muka saba. An saba likita ya kira maigida, maigida ya kira yayansa ko mahaifinsa, a yanke magana a waje, ita kuma a ce mata "yana samun sauƙi". Niyyar mai kyau ce, amma cutar da ke ciki ta fi. Matar da ta ɗauki ciki wata da watanni ta san ɗanta ba lafiya. Tana ganin fuskokinku. Abin da kuka hana ta shi ne damar ta ɗauke shi, ta yi masa addu'a, ta yi bankwana. Akwai matan da shekaru bayan haka abin da ke cin su shi ne ba su taɓa ganin fuskar yaron ba.

Malam, kai ne uba, kuma sa hannunka ake nema, amma ka shiga da ita. Hajiya, ke da kika haifi uban ko uwar, ki zauna kusa da ita ki riƙe ta lokacin da ake faɗa. In jikinta bai ba ta dama ba, kamar wadda aka yi wa aiki ko mai hawan jini, a nemi likitanta ya ce yaushe, a tura ta a keken asibiti ta je. In kuma ita da kanta ta ce ba ta son jin dalla-dalla, a girmama hakan. Zaɓin nata ne.

Zan iya ɗaukarsa da duk wayoyin nan a jikinsa? Ɗan fari ne kuma, ina jin nauyin surukaina.

Kusan kullum ana iya shirya hakan. Ki gaya wa nas ta taimaka da wayoyin da robobin. In ba zai ɗauku ba tukuna, ki wanke hannu ki sa ta ƙofar kwalbar, ki dafa kansa ko tafin ƙafarsa a hankali, ba shafawa ba, dafawa kawai. Ki yi masa magana. Ya san muryarki tun yana ciki.

Kunyar ɗan fari kuwa tana da wurinta, amma ba a wannan ɗaki ba. Manya su ne ya kamata su fara cewa, "Ɗauki ɗanki." In ba su faɗa ba, a roƙe su su ɗan ba da wuri. Uba ma ya ɗauka. Wanda yake son hoto a waya ya ɗauka, wanda ba ya so a bar shi.

Ba za a bar shi da yunwa ba?

In yana iya tsotso, ki ba shi nono gwargwadon yadda yake so. In ba ya iyawa, ana iya ba shi tatsattsen nono ta siririyar robar hanci. Idan jiki ya kai ga hanji ba ya karɓa, cusa abinci yana kawo kumburin ciki da amai da sarƙewa, ƙarin ruwa mai yawa kuma yana iya taruwa a huhu ya ƙara masa ƙunci. A wannan mataki ana jiƙa masa leɓe da harshe da ɗigon nono. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke zubarwa, shi ya fi dacewa da wannan.

Za mu iya yi masa huɗuba da suna? Rubutu da zamzam fa?

Ku yi masa kiran salla a kunne, ku yi masa huɗuba, ku sa masa suna yau. Ba sai an jira kwana bakwai ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Ku gaya wa ma'aikata sunan su riƙa kiransa da shi. Iyalan Kirista da ke son a yi masa baftisma su faɗa da wuri a kira fasto ko fada.

Addu'a da karatu a gefen gadonsa babu mai hana ku. Abin da za a sa a baki ne ke buƙatar tambaya. Jaririn da ba ya iya haɗiya, ko cokali ɗaya na rubutu ko zamzam zai iya wucewa huhunsa. A shafa masa a goshi, ko uwar ta sha. Kada a ba shi zuma, don tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin yaron da bai kai shekara ba. Kada a yi masa hayaƙi ko turaren wuta, musamman kusa da oksijin, don wuta na iya tashi. Wanzami kuma kada ya taɓa shi.

Kuɗi sun ƙare. Gara mu tafi da shi gida?

Mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutum ya taho daga Giwa ko Soba ko Maƙarfi, ya sayar da abin da zai sayar, kullum ana miƙo masa takardar sayen magani. Kafin ku yanke, ku tambayi abu ɗaya: jaririn nan, ana sa ran ya tashi in aka ci gaba? In amsar e ce, to fitar da shi saboda kuɗi asara ce da za a iya kauce wa. Ku faɗa wa likita halin da kuke ciki ba tare da jin kunya ba, ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya, ku tambaya wanne gwaji ne dole wanne ne zai iya jira.

In kuma amsar ita ce babu sauran abin yi sai sauƙaƙawa, komawa gida zaɓi ne mai mutunci, kuma iyalai da yawa sun fi son haka. Sai dai a shirya tafiyar, kada a sulale da dare. A koya muku ba da nono ta roba in yana da ita, a ba ku maganin zafi da na jijjiga da yadda ake aunawa, a ba ku takardar da ta bayyana ciwon, a gaya muku wanda za ku kira da asibitin da ya fi kusa da ku. A hanya uwa ko kaka ta sa shi a ƙirji ta lulluɓe, musamman lokacin hunturu. Ku tambaya kuma ko zai iya kai gida da rai in aka cire oksijin, don ku san abin da kuke fuskanta.

Me za mu gani idan lokaci ya zo?

Sanin wannan yana rage firgita. Barcinsa zai ƙaru. Hannuwa da ƙafafu za su yi sanyi, leɓe da tafin hannu su canza launi. Numfashi zai riƙa tsayawa na ɗan lokaci ya dawo, tsayawar tana ƙara tsawo. Wani lokaci akan ji ƙarar majina a maƙogwaro, ko ya ja wani dogon numfashi jefi-jefi. Wannan jan numfashin na ƙarshe jiki ne ke yin sa da kansa, kuma a lokacin galibi jariri ba ya cikin hayyacinsa. In kun ga alamar wahala a fuskarsa, ku faɗa a ƙara magani.

Bayan cire na'ura, wani minti kaɗan yake yi, wani sa'o'i, wani har kwanaki. Babu mai iya yanke muku. Ku nemi a kare muku wurin da labule, a kashe ƙarar na'urori, ya kasance a hannun wanda ke son sa.

Bayan ya cika fa?

Ba a gaggauta ku ajiye shi. Ma'aikata za su cire robobi su goge shi. Ku gaya musu tun da wuri cewa kuna son a yi jana'iza a ranar, don a shirya takardu. A mazhabar Malikiyya, jaririn da ya nuna tabbatacciyar alamar rai bayan haihuwa, kamar kuka, ana yi masa wanka da likkafani da salla kamar kowa. Inda aka yi shakka, limaminku zai warware.

Kuka ba rashin tawakkali ba ne. Annabi ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Masu zuwa gaisuwa, "Allah Ya sa mai ceto ne" ta wadatar. "Ai jinjiri ne, za ki haifi wani" tana yanka, ko da ba a nufi haka ba.

Nono ya kawo, ga shi babu mai sha. Jegon fa?

Ki sa rigar mama mai kama jiki amma ba mai matsewa sosai ba, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki sha farasitamol. In ya cika yana zafi ki tatse kaɗan, iya abin da zai sassauta. Tatsewa duka tana ƙara kawo shi. Akwai ƙwayar da likita ke bayarwa ta tsayar da shi. In wani ɓangare ya yi ja da tauri ga zazzaɓi, ki je asibiti.

Ke mai jego ce har yanzu, kuma jikinki yana buƙatar kulawa. A yi hattara da kunun kanwa da ruwa mai tsananin zafi: a nan Zariya aka yi binciken shekarun 1970 da ya danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kumburin ƙafa, haki, kasa kwanciya a miƙe, zubar jini mai yawa, ciwon kai mai tsanani, duk na komawa asibiti ne a ranar. Haka in makonni suka wuce ba kya ci ba kya barci, ko kina jin gara ki bi shi. Wannan ciwo ne mai magani, ki faɗa wa wani. Maigida, kai ma ka yi rashi, ko da kai ne ke tsaye kana karɓar gaisuwa.

Me za mu ce wa yayyensa?

Gaskiya, a taƙaice: ƙaninku ya zo da ciwo mai tsanani, ya rasu, ba laifin kowa ba ne. Kada a ce ya yi barci ko ya yi tafiya, don yaro zai ji tsoron barci, ko ya zauna jiran dawowarsa.

Laifina ne? Kuma zai sake faruwa? An fara ce mini mai wabi.

Tawayar halitta irin ta ƙarin ƙwayar gado tana faruwa tun lokacin da cikin ya shiga. Ba abin da kika ci ba ne, ba fitar da kika yi da magariba ba, ba kishiya ba. Sunan wabi kuma ba ya bayyana komai. Abin da ke bayan mutuwar jarirai a jere sau da yawa abu ne da asibiti ke iya ganowa, wani ma a magance shi.

Don haka ku dawo ku ga likita bayan mako shida, ku biyu, da takardun jaririn. Ga abin da za a duba. Rukunin jinin uwa: in nata mai alamar ragi ne na jaririn kuma mai alamar ƙari, akwai allurar da ake yi wa uwar cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa don kare masu zuwa, don haka ita wannan ba a jiran mako shida. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke kawo bakwaini da mutuwar ɗa a ciki. In tawayar ƙwaƙwalwa ko ta laka ce, ana fara shan folik asid tun kafin a ɗauki wani cikin, kuma adadin da ake ba wadda abin ya taɓa faruwa da ita ya fi na sauran mata yawa, don haka likita ne zai rubuta. In auren zumunci ne kuma abin ya maimaitu iri ɗaya, ku faɗa wa likita hakan a fili, domin yana canza irin binciken da zai yi. In doguwar naƙuda ce, a tsara tun da wuri asibitin da za a haihu da motar da za ta kai ku, ko da tsakar dare ne.

Ki ba jikinki hutu kafin wani cikin, musamman in aiki aka yi miki, ko da dangi suna matsa miki ki mayar da gurbi. Likitanki zai gaya miki tsawon da ya dace da ke. In cikin ya samu, ki fara awo tun watannin farko, ki gaya musu abin da ya faru a zuwanki na farko.